Alan Arnold Griffith (1893-1963): Injiniyan da Ya Gano Sirrin Tsaga

Gabatarwa

A wannan fitowa filinmu na tarihin mashahuran mutane zai ɗan kauce daga malamai da marubuta da sarakunan da muka saba kawowa, ya leƙa ƙasar Ingila domin gabatar da wani injiniya mai suna Alan Arnold Griffith. Ba lallai ne mai karatu ya taɓa jin sunansa ba. Sai dai duk alhajin da ya hau jirgi daga Kaduna ko Kano ya je Jidda ya dawo lafiya, to bayan kiyayewar Allah akwai hannun wannan mutum a tafiyarsa ta fuska biyu. Shi ne ya fara bayyana dalilin da ya sa 'yar ƙaramar tsaga take karya abu mai ƙarfi, kuma shi ne ya fito da fasalin fukafukan da ke juyawa a cikin injin manyan jiragen sama na yau. Daga baya waɗannan ayyuka biyu suka haɗu a wuri guda, wato a binciken da ake yi wa faifan injin jirgi don neman tsaga tun kafin ya fashe a sararin sama.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Griffith a birnin Landan ranar 13 ga watan Yuni 1893. Mahaifinsa, George Griffith, ɗan jarida ne, matafiyi, kuma marubucin ƙagaggun labaran kimiyya da ya yi tashe a zamaninsa. A shekarar da aka haifi yaron ne ma uban ya fitar da littafinsa mafi shahara, wanda a ciki ya ƙago yaƙin da ake yi da jiragen sama, shekara 10 kafin 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright su tashi jirginsu a Amurka. Iyalin sun koma tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, inda uban ya rasu a 1906. A garin Douglas na wannan tsibiri Alan ya yi sakandare, daga nan ya wuce Jami'ar Liverpool ya karanta injiniyancin injuna, ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a 1914. A wannan jami'a ya samu digiri na biyu a 1917 da na uku a 1921.

A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shiga masana'antar jiragen sama ta gwamnati da ke Farnborough, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken jiragen sama ta Birtaniya. Aikinsa na farko da ya ja hankali shi ne wanda ya yi da masanin lissafi G. I. Taylor a 1917. Sun yi amfani da kumfar sabulu, irin wadda yara ke hurawa, wajen auna yadda ƙarfi ke rarrabuwa a cikin sandar ƙarfe idan an murɗa ta. Sukan yanke rami mai siffar sandar, su shimfiɗa fatar sabulu a kai, su ɗan hura iska, sai gangaren fatar ya nuna musu inda matsin ya fi taruwa. Ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Ingila ta ba su lambar zinare saboda wannan dabara.

Zaren gilashi

Matsalar da ta dami masu ƙera jirage a lokacin ita ce karyewar sassan inji ba zato ba tsammani. An lura cewa sandar da aka goge ta yi sumul ta fi wadda ke da karce daɗewa, ko da daga ƙarfe ɗaya aka yi su. Har ila yau akwai wani abin ɗaure kai da ya fi wannan. Idan aka yi lissafin ƙarfin da ke riƙe ƙwayoyin zarra na abu da junansu, sai a ga ya kamata ƙarfe ko gilashi ya ɗauki nauyin da ya ninka wanda yake ɗauka a zahiri sau goma, ko ma sau ɗari. Ina sauran ƙarfin yake tafiya?

Griffith ya zaɓi gilashi don gwaji, saboda shi ba ya lanƙwasa kafin ya karye. Shi da mataimakinsa Ben Lockspeiser suka riƙa narka gilashi suna jan sa ya zama zare, suna rataya masa nauyi har ya tsinke. Sai suka ga duk yadda zaren ya ƙara sirancewa, ƙarfinsa gwargwadon kaurinsa yana ƙaruwa. Zare mafi siranta da suka ja, wanda gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, ya ninka mai kaurin ƙarfi kusan sau 20. Bayanin da Griffith ya bayar shi ne cewa kowane gilashi cike yake da ƙananan tsage-tsagen da ido ba ya gani, kuma mafi girmansu ce ke yanke masa hukunci. Siririn zare ba shi da wurin da babbar tsaga za ta ɓuya.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa sayen yadi a kasuwar Kafanchan. Mai shago ba ya bin yadin da almakashi har ƙarshe. Bakin kawai yake ɗan tsagawa, ya kama gefe biyu ya fizga, yadin ya rabe. Ba don wannan 'yar tsaga ba, ƙato biyu ma sai sun yi gumi kafin su yaga shi. Tun a 1913 wani malamin Jami'ar Cambridge, Charles Inglis, ya nuna ta hanyar lissafi cewa ƙarfin da ake jan abu da shi taruwa yake yi a bakin tsaga. Amma lissafinsa ya bar baya da ƙura, domin in an bi shi kai tsaye, kowace tsaga mai kaifin baki, komai ƙanƙantarta, ya kamata ta karya abu nan take, alhali muna ganin kofi mai tsaga ana shan shayi da shi shekara da shekaru.

Ga inda basirar Griffith ta fito. Ya ce a duba lamarin kamar ciniki, akwai kuɗin shiga akwai na fita. Duk abin da aka ja yana tara kuzari a cikinsa, kamar yadda danƙon harbin tsuntsu yake yi idan yaro ya ja shi. Idan tsaga ta ƙara tsawo, ɓangaren da ke gefenta yakan saki, ya fitar da kuzarin da ya tara. Wannan shi ne kuɗin shiga. A ɗaya ɓangaren, raba ƙwayoyin zarra don buɗe sabuwar tsaga yana cin kuzari. Wannan shi ne kuɗin fita. Muddin tsagar gajera ce, abin da take samu bai kai abin da za ta kashe ba, don haka sai ta zauna shiru. Amma samun yana ƙaruwa da tsawon tsagar, shi kuwa farashin buɗe kowane taƙi bai canzawa. Da zarar ta kai wani tsawo ciniki ya juya, sai ta ruga da kanta ba tare da an ƙara nauyi ko kaɗan ba, kuma a cikin gilashi gudunta ya wuce kilomita ɗaya a sakan guda.

Bai tsaya a kan takarda ba. Ya sa aka yi tsage-tsage masu tsawo daban-daban a jikin ƙwallaye da bututun gilashi, aka matsa su daga ciki har suka fashe, sakamakon kuwa ya bi lissafinsa. Idan tsawon tsaga ya ninka sau 4, nauyin da abin zai iya ɗauka ya koma rabi; idan ya ninka sau 9, ya koma kashi ɗaya cikin uku. An gabatar da wannan aiki a gaban babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a 1920, aka buga shi a 1921, sannan a 1924 ya sake gabatar da shi a wani taro a Delft ta ƙasar Holan bayan ya gyara wani kuskuren lissafi. Yana da shekara 26 kacal lokacin da ya gabatar da na farkon. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga; abin da Griffith ya ƙara shi ne ya auna tsawon tsagar da za ta rusa bangon gaba ɗaya.

Abin mamaki, injiniyoyin zamanin ba su ɗauki aikin da muhimmanci ba. Su da ƙarfe suke aiki, shi kuwa a kan gilashi ya yi magana. Shi kansa ya bar fannin ya koma wani.

Fukafukai da kuma Frank Whittle

A 1926 ya rubuta wata takarda kan injin da iska mai zafi ke juyawa. An daɗe ana ƙoƙarin ƙera irinsa, amma kullum ƙarfin da yake ci wajen matse iska yakan kusa cinye wanda yake bayarwa. Griffith ya gano cewa laifin na siffar fukafukan ciki ne, sun fi kama da cokula masu dukan iska, sai iskar ta rikice a bayansu. Ya ba da shawarar a siffanta kowane ɗaya kamar fiffiken jirgin sama, a jera su layi-layi a kan sanda guda, iska ta bi ta tsakaninsu a miƙe daga gaba zuwa baya, kowane layi yana ƙara matse ta. Gwajin farko da aka yi a Farnborough ya tabbatar da maganarsa. Wannan fasali ne ke cikin injin kowane babban jirgin fasinja a yau.

Nan kuma tarihinsa ya samu tabon da har yanzu Turawan Ingila ke tattaunawa. A ƙarshen 1929 wani matashin hafsan sojan sama mai shekara 22, Frank Whittle, ya zo da zanen injin da zai tura jirgi da feshin iska mai zafi kawai, ba tare da farfela ba. Ma'aikatar jiragen sama ta tura shi wurin Griffith, wanda a lokacin yake shugabantar ɗakin bincikenta a Landan. Griffith ya duba, ya tsinci kuskure a lissafin, ya ga matashin ya cika kyakkyawan zato, kuma ƙarfen da zai jure zafin da ake bukata babu shi a lokacin. Ma'aikatar ta ƙi ɗaukar aikin. Whittle ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1930, amma a 1935 ya bar rajistar ta mutu saboda ba shi da fam 5 na sabuntawa. Da taimakon 'yan kasuwa ya tayar da injinsa a watan Afrilu 1937, jirgin farko mai ɗauke da shi kuma ya tashi ranar 15 ga Mayu 1941. Kafin nan Jamusawa sun riga sun tashi nasu, mai injin Hans von Ohain, ranar 27 ga Agusta 1939.

A ganina ba a yi wa Griffith adalci ba idan aka ce hassada ce zalla, domin abin da ya faɗa game da ƙarfe gaskiya ne a 1929, kuma fasalinsa ne ya yi nasara daga ƙarshe a manyan injuna. Amma ba za a wanke shi sarai ba. Yana da nasa shirin injin a hannu, mai juya farfela, sai aka ba shi alƙalancin na wani. Ya ga kuskuren lissafi, bai ga cewa injin yaron mai sauƙi ne da za a iya ƙerawa da wuri ba, kuma shekarun da aka yi asara sun faɗo daidai gabanin yaƙi. Ɗalibi ya kawo wa babban malami aiki mai kuskure a shafi na biyu da gaskiya a shafi na goma, malamin ya tsaya a shafi na biyu.

Shekarun Rolls-Royce

A 1939 Ernest Hives, shugaban sashen injuna na kamfanin Rolls-Royce, ya ɗauko shi zuwa Derby. Aikin da aka ba shi shi ne tunani. Mutum ne mai shiru-shiru, ya fi son keɓewa, yana aiki da mai zanensa Donald Eyre, su fitar da fasali su miƙa wa masu ƙira. Ba duka ne suka yi kyau ba. Injinsa na farko a can, wanda layukan fukafukansa ke juyawa gaba da gaba, ya yi rikitarwar da ta hana shi zuwa ko'ina. Amma daga fasalin da ya zana a 1945 aka samu injin Avon, wanda ya ɗauki jiragen yaƙi irin su Canberra da Hunter, da jirgin fasinja Comet 4 da ya fara jigila tsakanin Landan da New York a watan Oktoba 1958. Shi ne kuma ya kawo shawarar a bar wani kaso na iska ya zagaye wurin ƙonewar mai, don rage shan mai da ƙara. Daga nan injin Conway ya fito. Har jirgi mai tashi a tsaye ya taɓa, inda aka gwada wani ƙarangiyar ƙarfe mai ƙafa huɗu da injuna biyu, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa suna gado mai tashi. Ya tashi ba igiya a watan Agusta 1954. An zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya a 1941.

Yana can Derby tsohuwar takardarsa ta gilashi ta farfaɗo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ruwan Amurka da aka yi wa walda suka riƙa tsagewa. Wani na dakon mai, Schenectady, ya rabe gida biyu yana tsaye a tashar Portland a Janairu 1943. George Irwin a Amurka da Egon Orowan a Ingila suka koma wa lissafin Griffith, suka ƙara masa kuzarin da ƙarfe ke ci wajen lanƙwasa a bakin tsaga, sai ya yi aiki a kan ƙarfe. A 1954 kuma jiragen Comet na farko guda biyu suka tarwatse a sama a kusa da Italiya, mutum 56 suka mutu. A Farnborough, tsohon wurin aikinsa, aka nutsa gangar jikin wani Comet a cikin tankin ruwa ana matsa shi ana saki, har tsaga ta bayyana. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe, irin abin da ke faruwa idan ka yi ta lanƙwasa waya kana miƙewa: tsagar tana ɗan ƙaruwa a kowane zagaye har ta kai tsawon da Griffith ya yi magana a kai.

Ya yi ritaya a 1960, ya rasu ranar 13 ga Oktoba 1963 yana da shekara 70. Wata shida bayan haka, ranar 29 ga Afrilu 1964, jirgin VC10 mai injin Conway huɗu ya fara jigilar fasinja, kuma zuwa Legas ya fara. An ƙera wannan jirgi ne musamman saboda filaye masu zafi da tudu irin na Kano da Nairobi, inda jiragen lokacin ba sa iya tashi da cikakken lodi.

Faifai da masu duba shi

Fukafukan nan na cikin inji a gefen wani ƙarfe mai kauri, zagayayye, ake dasa su. Tunda Hausa ta riga ta ɗauki sunan faifan rufe ƙwarya ta ba wa na garmaho, ba laifi mu kira wannan ma faifai. A babban inji faifan da ke bayan wurin wuta yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti, kowane fiffike yana jan sa da nauyin tan da yawa, ga zafi. Idan fiffike ɗaya ya karye, murfin injin yana iya tare shi. Idan faifai ya fashe babu murfin da zai tare ɓaraguzansa. Shi ya sa kowane faifai yake da lambarsa da littafinsa, ana ƙirga kowane tashi da sauka, kuma idan ya cika adadin da aka yanka masa sai a cire shi ko da yana ƙyalli kamar sabo.

Tsakanin nan kuma ana duba shi. Mai sayen tulu yakan ƙwanƙwasa ya saurari amo, haka ma'aikatan reluwe a ƙasashe da dama suke bin ƙafafun jirgin ƙasa da guduma, abin da ba sai an yi wa mutanen garin tasha irin Kafanchan dogon bayani a kansa ba. Tsagar faifai ta fi ƙarfin kunne. Akan jiƙa shi da wani ruwa mai ratsa tsaga, a wanke, a haska shi da fitila ta musamman a ɗaki mai duhu, inda ruwan ya maƙale sai ya yi ƙyalli. Akan bi shi da na'urar maganaɗisu mai jin canjin lantarki a fatar ƙarfe. Akan kuma aika sauti cikinsa a saurari amsa-kuwwa, kamar yadda ake yi wa mai juna biyu hoto a asibiti. Tazarar da ke tsakanin dubawa da dubawa daga lissafin Griffith da magadansa take fitowa: a san ƙaramar tsagar da na'ura ke iya gani, a san saurin girmanta, a san tsawon da za ta kai ta ruga, sai a tabbatar an duba tun da sauran rata.

Lissafi yana iya zama daidai mutum ya kuskure. Ranar 19 ga Yuli 1989 faifan fankar injin wutsiya na wani jirgin DC-10 na kamfanin United ya fashe a sararin jihar Iowa ta Amurka. Ɓaraguzan suka yanke dukkan bututun mai guda uku da ake sarrafa jirgin da su. Matuƙa suka lallaɓa shi da ƙara wuta da rage wuta a injuna biyun da suka saura har filin Sioux City, inda ya kife ya kama wuta. Cikin mutum 296, 112 suka mutu. Bayan kusan wata uku aka tsinci faifan a gonar masara. Bincike ya nuna aibin tun daga narka ƙarfen yake, tsagar ta yi shekaru tana girma, kuma a dubawar ƙarshe ta wuce santimita ɗaya. An ma samu ragowar ruwan nan mai ƙyalli a cikinta, wato ruwan ya shiga, idon mai dubawa ne bai kai ba.

A Oktoba 2016 wani faifan ya sake fashewa a jirgin Boeing 767 da ke shirin tashi daga Shikago. Kowa ya fita da rai, amma wani gutsuren ya yi tafiyar kusan mita 900 ya huda rufin wani ɗakin ajiyar kaya. Wannan karon aibin a ƙarƙashin fatar ƙarfen yake, inda ruwa mai ƙyalli ba ya kaiwa, don haka hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta duba irin waɗannan faya-fayai da sauti. A 2023 kuma kamfanin Pratt & Whitney ya sanar da cewa garin ƙarfen da aka ƙera wasu faya-fayansa da shi ya gurɓata, abin da ya sa aka ajiye ɗaruruwan jiragen Airbus a ƙasashe daban-daban suna jiran a kwance injunansu a duba. Masu kula da lafiyar jirage irin waɗannan akwai 'yan ƙasarmu a cikinsu, kuma da yawansu a jiharmu suka yi karatu, a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964.